Alamar zance biyu da Bulus ya raina

Ina buɗe kwamfutar cocinmu a Kafanchan, sai na ga foldar "Waƙoƙi" babu ita. Duk rikodin ɗin mawaƙanmu ya tafi!

Na kira Bulus, abokin aikina da ya rubuta script, wato ɗan shirin kwamfuta mai share tsofaffin fayil.

"Bulus, linter, shirin nan mai duba kuskure, bai ce ka sa sunan folda cikin alamar zance ba?"

"Ya ce mana. Surutunsa ne ya ishe ni, na kashe shi."

Wai surutu! Wata folda daban mai suna "Waƙoƙi tsofaffi" aka ce a share. Da babu alamar, script ɗin ya raba sunan gida biyu, ya kwashe "Waƙoƙi" gaba ɗaya, har da muryar marigayiya Mama Saratu.

Jama'a, ni ko Bulus, wa zai je ya gaya wa 'ya'yanta?