Gayyar Gonar Mai Unguwa

Ranar Laraba ce, tsakiyar damina. An yi ruwa kafin asuba, ƙasa ta yi laushi. Mijina Habu ya dawo daga masallaci ya zauna a ƙofar ɗaki yana wasa fartanya a kan dutse. Ƙanensa Iro yana tsokanarsa, wai ya tsufa, yau sai ya ba shi ratar kunya biyu. Inna, uwarsu, tana ba akuyarta dusa tana yi musu faɗa kada su tashi 'yata Talatu, wadda ko rarrafe ba ta fara ba.

Ƙauyenmu ƙarami ne, a ƙasar Kabo, kusa da Gude. Mai unguwa ne ya kira gayya a gonarsa, duk namiji mai ƙarfi ya fita.

Tun bazara muke jin labarin ɗiban gwamna. An ce Turawa suna yaƙi da junansu can ƙetare, suna buƙatar kuza don ƙera kayan yaƙi, ita kuwa sai an haƙo ta a duwatsun Jos. Bature ya matsa wa hakimi, hakimi ya matsa wa dagaci, dagaci ya matsa wa mai unguwa: kowane gari ya ba da mazaje. An sha aiko mana, maza suna shigewa daji. Wannan karon ba a aiko ba.

Da hantsi muka ɗauki fura mu mata, muka nufi gonar. Talatu tana bayana. Tun daga nesa muke jin gangar noma da kirarin samari. Muna gab da tsamiyar bakin gona sai gangar ta yanke a tsakiyar kiɗa. Aka yi tsit. Sai usur.

'Yan doka suka fito daga cikin gero ta gabas da ta arewa, da jajayen huluna da kulake. Dogarai biyu a kan doki suka tare hanya. Bature yana tsaye can nesa ƙarƙashin laima, bai matso ba.

"Kowa ya zauna! A ajiye fartanya!"

Wasu suka zauna. Wasu suka watse. Na ga an danne Iro, an ɗaura masa igiya a ƙugu, an haɗa shi da na kusa da shi. Mai unguwa yana gefe, kansa a sunkuye. Na ga Habu ya nufi wajen ƙanensa. Wani ɗan doka ya tare shi da kulki a bayan kunne. Na ji ƙarar daga inda nake. Ya faɗi, ya miƙe, ya faɗa cikin gero. Ban san lokacin da ƙwaryar fura ta suɓuce daga kaina ba.

Na iske shi a bayan gida, jini ya jiƙe masa wuyan taguwa. Inna ta dube shi, ta dubi bayansa.

"Ina Iro?"

Na gaya mata an ɗaure shi. Ta ɗauki mayafinta ta nufi titin Kano, inda aka ce mota tana jira. Na riƙe hannunta, ta fizge.

"Ki kai shi wajen kawunki. Ni ba ni za su ɗauka ba."

Kafin azahar 'yan doka suka shigo gari neman waɗanda suka gudu. Duk gidan da ba su sami namiji ba, sai su cinna wa rumbu wuta. Jinka a jiƙe take, hayaƙin ya tashi fari, mai kauri. Tsohuwar dawa ta riƙa fashewa kamar ana tuya. Muka fita ta danga, muka shiga gonaki, muka miƙa yamma.

Akuyar Inna ta biyo mu. Na kore ta, ta ƙi. Tana tafe tana kuka. Can muka ji kofaton doki a kan burtali. Habu ya kwanta cikin kunya ya jawo akuyar, ya matse bakinta da hannu biyu. Na durƙusa na sa wa Talatu nono. Dokin ya tsaya. Ina ganin ƙafafunsa ta tsakanin karan gero, ina jin numfashinsa. Ƙudaje suka taru a kan jinin Habu, bai motsa ba.

"Ku duba ta rafi!"

Muryar wani dogari ce daga nesa. Dokin ya juya. Da Habu ya saki hannu, akuyar ba ta tashi ba.

Da la'asar muka isa rafin. Ya cika, ruwan ja ne. Na ɗora Talatu a ka na shiga, ruwa har ƙirji. Habu yana riƙe da zanena. A tsakiya ya tambaye ni ina muka nufa. Na gaya masa. Muna fita ya sake tambaya. Nan na gane dukan ya taɓa masa hankali.

Wasu Fulani suka ba mu madara da wurin kwana. Washegari muka shiga Getso. Kawuna ya leƙo, ya ga kan Habu, ya jawo mu zaure da sauri. Ɗiban ya iso nan ma, 'ya'yansa biyu suna ɓoye a daji. Ya ɗora Habu a jaki ya kai mu wajen wani wanzami a Kutama, kusa da iyakar Katsina.

Wanzamin ya aske wurin, ya taɓa. Ya ce ƙashi ya lotsa. Habu ya kwanta a kan tabarma yana kiran Iro, yana cewa ya jira shi, bai gama kunyarsa ba. Ran Juma'a, ana kiran salla, ya cika.

Yanzu na tsufa. A wannan zamani na tsuke bakin aljihu jikokina kan dawo daga layin sayen shinkafa su ce gwamnati ta manta da talaka. Ba na musa musu. Mu a lokacinmu tuna mu ta yi.

Na koma ƙauye bayan na fita takaba. Maƙwabta suka ce Inna ta bi motar da ƙafa har ta ɓace mata, aka tsinto ta a bakin titi, ba ta ƙara lafiya ba. An binne ta kafin in iso. Da rani wasu daga cikin mazan suka dawo, a rame, suna tari. Sun ce sanyin duwatsun nan ya fi yunwa kisa. Na tambaye su Iro. Ɗaya ya ce ya gan shi a sansani yana zazzaɓi. Ɗaya ya ce ya gudu. Ba wanda ya ga kabarinsa.

Geronmu ya nuna a tsaye, tsuntsaye suka ci rabi. Mu biyar ne a gidan da aka shuka shi. Ni na girbe abin da ya rage, da Talatu a baya.