Goron Suna da Iyakar Kakar Marisel

Barking, shida saura kwata

Gari bai waye ba na fito, sanyi kamar zai cire kunne, ni kuwa sai ɗoki nake. Marisel na jirana a bakin tashar jirgin ƙasa ta unguwarmu, Barking. Abokiyar aikina ce a asibiti, 'yar Lumad, mutanen asali na tsaunukan Mindanao a Filifin. Wani kamfanin haƙar ma'adinai ya sa wa ƙasarsu ido, wai ba su da takarda. Iyakar kuwa tana cikin kan kakarta: kowane rafi, kowane kabari, da sunansa. Yau tsohuwar za ta hau tudun da ake samun sabis ta lissafo su ta waya, wata malamar jami'a ta zana taswirar da lauya zai kai kotu. Ni 'yar rakiya ce, mai riƙe waya.

Cikin jirgi

Shida da minti biyar muka hau jirgin District line, muna cin ƙosan da na ƙullo. Muna wuce Whitechapel Marisel ta dafe kai.

"Sista Binta, na shiga uku! Na manta ƙwayar taunawa!"

Ashe a wurinsu ba a kiran sunayen ƙasa haka kawai, sai mai faɗa da masu ji sun tauna wata ƙwaya tare. Ba ƙwaya, ba magana. Ga tsohuwa ta taho tun safe da sandarta.

Dariya ta ƙwace mini har wani bature ya sauke jarida. Goron sunan jikan yayata, wanda na sayo a Old Kent Road, yana cikin jakata!

Aldwych

Bakwai saura ashirin muka sauka a tashar Temple, muka ƙarasa ofishin malamar a Aldwych da ƙafa. Bakwai daidai, a can uku na yamma, fuskar kaka ta bayyana a waya. Marisel ta nuna mata goro, ta shiga yi mana tafinta.

"Me mutanenki ke yi da shi?" tsohuwa ta tambaye ni.

"Kaka, da shi muke ɗaura aure, mu raɗa suna. Wanda ya ci ya zama shaida."

"Da ɗaci?"

"Sosai!"

"To, ya yi."

Kaka ta jefa tata ƙwayar a baki, mu kuma muka raba goro. Malama Baturiya ta gatsa, ta yamutsa fuska har da ƙwalla. Muka kece da dariya, kaka ma har tana buga sanda.

Sai ta fara, rafi bayan rafi, alƙalamin malama na gudu. Can kaka ta iso kan wani rafi.

"Wannan kam, katafilar kamfani ta cike shi. Ku rubuta duk da haka. A cikinsa na yi wa uwar Marisel wankan farko."

Wallahi kuka na yi.

Gida

Sha ɗaya na iso Barking lafiya, godiya ta tabbata ga Allah. Yaya ta leƙa jaka.

"Ke Binta, wa ya taɓa mini goro?"

Na ce, "Yaya, an riga ki. Sunayen wata ƙasa aka kira da shi, kuma ni ma na ci."