Jan Tadhg da Shuɗin Colm

Shekara goma sha ɗaya Nuala Conneely ta yi a Jamus tana koyon zanen da ba mutum ba gida a cikinsa, sai launi kan launi. Da ta dawo ƙauyensu a yammacin Ireland, ba wanda ya kula zanenta. Ta koma yi wa mutane fentin ƙofofi da kwale-kwale, ta iya kuwa.

A wajen sausayar tumakin kawunta Tadhg ta lura da abin da ta taso tana gani: kowane gida da irin fentin da yake shafa wa tumakinsa don shaida. Da aka ba ta bangon ɗakin taron gari ta rataya zane, shaidar gidaje talatin ta zuba a kan allo guda. Sharaɗi ɗaya aka gindaya mata: mutum ɗaya ya ƙi, za a sauke.

Sai ranar buɗewa, ana raba shayi, ta ga ɓarnar da ta yi. Shuɗin fentin maƙwabcinsu Colm Faherty na zaune daram a kan jan fentin kawunta, su kuwa shekara ashirin ba sa ga-maciji saboda wani rago.

Tadhg ya dogara sanda ya daɗe yana kallo.

"Ke Nuala, abin da Jamusawa suka koya miki ke nan? Ki ɗora mini wannan ɓarawon ragon a ka?"

"Yarinya ta san na sama ne, tsoho," in ji Colm. "Sha shayinka."

"A sauke shi!" in ji Tadhg.

Nuala ta miƙe. Ta hau kujera, ta cire allon, ta juya shi ta gefe, ta buga sabuwar ƙusa, ta sake rataye shi. Ja da shuɗi suka dawo kafaɗa da kafaɗa.

"Haka ake yi?" Tadhg ya tambaya.

"Irin wannan zanen ba shi da sama ba shi da ƙasa, Kawu."

Ya matsa ya auna da sandarsa. "Nawa ya fi nasa faɗi."

"Da yatsa ɗaya," in ji Colm.

"Ya dai fi. A bar shi."

Nuala ta sauko, ta nemi wuri ta zauna. Allon na nan rataye ta gefe har yau. Washegari ta koma kan fentin ƙofar da ta bari rabi.