Kwanon Motar Ƙarshe

A wannan Muharram ɗin Yaya Rakiya ta cika shekara tara da rasuwa. Ni ƙanwarta ce, ciki ɗaya, a unguwar Mansur, nan ƙasa mai tsarki, aka haife mu, kuma har yau ina aiki a madafar da ta kafa, inda muke dafa wa alhazan Najeriya da Nijar tuwo da miya, ana kai musu masauki a unguwar Jarwal. Gwiwoyina sun gaji, ni ma na gaji, amma bana na ga ba zan iya yin shiru a kanta ba.

Yaya ba mai sanyin hali ba ce. Masu cewa ba ta taɓa ɗaga murya ba, ko dai ba su yi aiki da ita ba, ko kuwa kara suke yi wa mamaci. Sai dai tana da wata ɗabi'a: ba ta cin abincin rana sai motar ƙarshe ta dawo. Cikin kwanukan da ake loda wa wannan mota akwai nata guda, daga tukunyar ƙarshe, lokacin da nama ya yi ƙaranci, hannun masu tuƙa tuwo kuma ya mutu. Kwanon zai sha cunkoso da zafin rana tare da na alhazai, ya je Jarwal ya dawo, sannan ta zauna a tsakiyarmu ta ci. In miya ta tsinke, a bakinta za ta ji. Nan take za ta wanke mu tas, mu ma mu mayar mata: gas ne ya ƙare, garin kuka ne bai isa ba, direba ne ya tsaya shan shayi. Kafin la'asar an gano inda matsalar take an gyara, ita kuma ta manta wa ta yi wa faɗa.

Ɗanta Faisal ne ke riƙe da wurin yanzu. Ya karanta harkar gudanarwa, kuma ba zan rage masa ba, ya iya aiki. Madafa ta bunƙasa, an sa na'urar sanyaya wuri, kowa na da ranar hutunsa. Yakan tara mu ya yi bayani, rabi Larabci rabi Hausa, kan al'adar wurin aiki, da yadda ma'aikata ke koyo daga kuskure, da shugaban da ke yi wa na ƙasa da shi hidima. Misalinsa kullum ɗaya ne, kwanon mahaifiyarsa, kuma bai taɓa barin al'adar ba. Ana hau masa da kwanon motar ƙarshe ofis, ya ci, ya ce ma sha Allah. Faisal ba ya faɗa. Maki yake ba kowa a ƙarshen wata, wanda makinsa ya faɗi kuma ba a sabunta masa aiki bayan aikin Hajji.

Bana ƙorafi ya fara zuwa daga masaukai, wai abinci na isowa da sanyi, miya kamar ruwa. Faisal ya rasa gane kan abin, tunda abin da yake ci lafiya lau yake. Ni ma ban gane ba sai ranar da na ga Hajara, mai kula da zuba abinci, ta cika kwano daga tukunyar farko ta ɓoye shi a inda muke ɗumama abinci. Da mota ta dawo ta miƙa wa direba, ya hau da shi ofis kamar daga Jarwal ya fito. Na ja ta gefe, ba ta musa ba. Ta ce sun daɗe suna haka, kowa ya sani ban da ni, don ni jinin Faisal ce. Mijinta na kwance ba lafiya, iƙamarta kuwa, takardar zamanta a ƙasar nan, a kan wannan aiki take.

Na daɗe ina juya abin a raina. In na yi shiru, masaukai za su janye, kowa ya rasa. In na faɗa, Hajara ce za ta fara tafiya. Na yi ta tunanin me Yaya za ta ce da ta ga ana ambaton kwanonta a taro da girmamawa, alhali ba abincin alhaji ba ne a ciki. Ina jin da dariyar nan tata mai ciwo za ta fara, sannan ta tambaya wa ya ce a ci shi a ofis.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na je gidan Faisal na faɗa masa, ban ambaci suna ba.

"Khala, wace ce?" ya tambaye ni. Haka yake kirana, wato ƙanwar uwa da Larabci.

"Wannan tambayar ce ta sa suke ɓoye maka," na ce. "Ba zan faɗa ba. In kora ce, ka fara da ni, khalas."

Ya ce shi bai taɓa zagin kowa ba, mahaifiyarsa kuwa har da ludayi take jifa. Na ce haka ne, amma faɗanta ba ya kai la'asar, makinsa kuwa yana bin mutum har gida. Maganar ta yi masa zafi, ni ma ta yi mini, don ni na goye shi.

Washegari da hannunsa ya zuba kwano daga tukunyar ƙarshe ya sa a mota. Da ta dawo ya zauna a kan buhun shinkafa a tsakiyarmu ya buɗe. Tuwo ya sandare, miya ta tsinke, haka ya cinye shi. Sannan ya tambaya me ya jawo haka. A zamanin Yaya da kowa ya buɗe baki a lokaci guda. Ranar ba wanda ya ce uffan, Hajara na kallon ƙasa.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya haskaka makwancinta. Kwanon ya saura, ɗanta ma ya sauko ƙasa, kuma na yaba masa. Abin da ban ga ya saura ba shi ne bakin da muke mayar mata da amsa ba tare da mun ji tsoron gobe ba. A watan nan za a sanar da waɗanda aka sabunta wa aiki, kuma bai ce ya daina ba da maki ba. Jiya ma ya sauko, ya ci, ya tambaya. Ni kaɗai na amsa masa, ni 'yar ƙasa da ba ni da iƙamar da zan rasa, kuma bana nake shirin ajiye aiki.