Yatsa a kan talho

Bana shekara goma sha biyar da rasuwar Rabi, ƙawata tun muna ɗalibai. Duk lokacin da ranar ta zagayo, hankalina ba ya tsayawa kan jinyarta ko jana'izarta. Baya yake komawa can, ƙarfe huɗu da rabi na wata Laraba a shekarar babban fari, cikin falon kawuna a unguwar Filato, nan Yamai.

Ɗakinmu ɗaya a jami'a, can unguwar Lamorde ƙetaren kogi. Ni 'yar Maradi ce, ba ni da hira sai da littafi. Ita daga wani ƙauye take arewa da Tawa, bakinta ba ya hutawa. Ita ke yi mini ciniki a kasuwa, ni ke gyara mata Faransanci kafin ta miƙa aiki. A shekarar nan dariyarta ta ragu, don labarin gida ya daina zuwa. Abin da muke ji kawai shi ne mutanen arewa suna barin garuruwansu.

Kawu babban ma'aikaci ne a wani buro, wato ofis, gwamnati ta ja masa layin talho har gida. Baƙin talho ne, an ware masa teburinsa, an lulluɓe shi da ƙyalle mai ado, da ɗan kwaɗo a jikin abin juya lamba. Na daɗe ina haɗa kalmomi kafin in iya roƙonsa ya bari a kira Rabi a kai. Ya yarda. Ta ba wani direba lambar ya kai wa wanta Idi, da saƙon cewa ya shiga gari ranar kasuwa ya buga daga gidan waya.

Da talhon ya yi ƙara, Kawu ne ya ɗauka, don ba mai taɓa shi sai shi. Idi bai saba ba, yana magana da ƙarfi kamar mai kira daga gona, duk falon muna jin sa.

"Alhaji, Idi ne, wan Tabawa." Sunan Rabi ke nan a gida. "Ina lafiya? Shanu sun ƙare, rijiya ta ƙafe. An ce gwamnati na rabon hatsi, mu dai a rediyo muke cin namu. Ka gaya mata mun taso, ni da Inna, za mu..."

Kawu ya ɗora yatsa ya danne inda ake katse layi. Ya ɗan jima da kan talhon a kunne, sannan ya ce, "Layi ya yanke."

Na ga yatsan, Rabi ma ta gani. Ta durƙusa ta ce, "Na gode, Kawu. Allah ya ƙara girma." Cikin duk abin da ya faru, wannan godiyar ce har yau ke sa ni sunkuyar da kai.

Kawu ba mugu ba ne, Allah ya jiƙansa. Mulkin soja ne, kowa ya yarda layi na da kunne, kuma gidansa cike yake da masu ci a hannunsa. Na fahimci tsoronsa. Sai dai kalma ɗaya ta rage, sunan gari, kuma tsoron bai jira ta ba.

Daga nan Rabi ta shiga nema. Ana tashi daga aji sai ta haye gada ta nufi Babbar Kasuwa da tasha, ni ina biye da ita riƙe da jaka. Ta ɗauka Kano suka nufa, tunda nan mutanensu suka saba zuwa cin rani, don haka direbobin kudu take tarewa. Wani direban babbar mota ya ce mata, "'Yar lakkwal, ke da kike makaranta, kullum sai na sauke kaminyo cike da Idi da Innarsa. Wanne ne naki?" Ba da wulaƙanci ya faɗa ba, har goro ya miƙa mana.

Sai bayan ruwa ya sauka ta ci karo da Idi a bayan kasuwa, yana ga-ruwa. Ashe Yamai suka zo. Duk watannin nan suna wani zango a gefen gari, cikin bukkar kwali, wurin da taksi zai kai ka kafin shayi ya huce. Inna ta rasu a can, ba ta ga 'yarta ba. Idi ya taɓa zuwa ƙofar jami'a ya tambayi Tabawa, ba wanda ya san mai wannan suna.

Rabi ta gama karatu ta zaɓi koyarwa a ƙauyuka. Duk sanda manya suka kai ziyara aka ce a faɗi buƙata, bayan rijiya da bencin aji sai ta ƙara da layi. Akan yi dariya, a ce Madam, mutum bai ƙoshi ba ina shi ina talho. Ita kuma takan ce wanda bai ƙoshi ba shi ya fi kowa buƙatar a ji muryarsa. Da wayar salula ta shigo, tata ta zama ta unguwa. Ba ta taɓa sa mata lambar sirri ba.

Ina tambayar kaina me za ta ce da ta ga yau. Na san za ta yi murna da ɗaliban Lamorde da ke ɗauke da ɗakin karatu guda a aljihu. Amma za ta tambaye ni ƙauyensu. Idi ya koma can, ya tsufa. Idan zai yi mini barka da salla, sai jikansa ya riƙe masa hannu sun hau tudu, don a can kaɗai ake samun rezo, waya ta kama. Alhali sakamakon jarrabawa, neman gurbin karatu, farashin gero, har hoton ciwo da za a tura wa likita, duk sun koma intanet. Mu kuwa a Yamai, bidiyo ya tsaya kaɗan mu cika gida da ƙorafi.

Ban ga laifin kamfani ba idan ya kafa eriya inda zai ci riba, ɗan kasuwa ne. Amma ba mu taɓa cewa a haƙa rijiya a garin masu kuɗi kaɗai ba, ko a tsayar da hanya inda riba ta ƙare. Abin da ya zama dole ga rayuwa, da dukiyar kowa ake kai shi ga kowa. Wannan shi ne abin da Rabi ta yi ta faɗa, mu da muka yi karatu muka zauna a buro muka ɗauke shi kamar ɗaya daga cikin barkwancinta. Kwaɗon Kawu bai ɓace ba, ya dai koma inda ido ba ya ganinsa.

Ba ta bar gida ko fili ba. Ta bar ɗalibai da suka iya tashi a gaban manya su yi tambaya, ta kuma bar mini abin da na ji a bayan kasuwa ranar da ta ga wanta. Bayan ta gama kuka ta riƙe sandar da yake rataya garwa, ta ce, "Yaya, lambar tana wurinka. Ga gidan waya nan tsakiyar gari. Me ya hana ka sake bugawa?"

Idi ya ajiye garwarsa a ƙasa.

"Na je har ƙofa, Tabawa," ya ce. "Sai na tuna abin ba namu ba ne. Aro aka ba mu, mai shi kuma ya karɓi abinsa."