Mangalar Jaki da Abokin da Na Hana Komawa Kwaleji

Yau a Dogon Dutsi jikokina suna koyon aljebra har a wayar hannu, babu wanda abin ke ba mamaki. A shekarun farko na 'yancin kai kuwa, mu biyu kacal daga ƙauyenmu na yankin Dogon Kiriya muka ci jarrabawar shiga kwaleji, aka kai mu Yamai: ni ɗan mai tebur, da abokina ɗan makiyaya. Ni yaro ne mai kaifin baki, wanda ba ya son a fi shi.

Aljebra ce ta fara kunyata ni. Mushe, wato malaminmu, ya rubuta harafi a allo, ya ce mu nemo adadin da ke ɓoye a bayansa, ni kuwa ban ga komai ba sai farin alli. Abokina ya ja ni gindin itacen bedi, ya zana jaki a ƙasa. Ya ce in ɗauki lissafin kamar mangala: abin da na cire a gefe guda dole in cire a ɗayan, in ba haka ba kaya su zube. Da wannan na gane. Amma shi kullum yana gabana, yana zaune yana motsa baki, yana zane a ƙasa, sai amsa ta fito.

Da muka koma gida hutun damina, mahaifiyarsa ta kawo mini nono, ta tambaye ni yadda ɗanta yake a can. Na san aljanar nan doguwa ta taɓa babban ɗanta, na san tsoron da take kwana da shi. Duk da haka na ce mata ana sa shi neman abin da ba a gani, yana magana shi kaɗai, kuma amsa tana zo masa ba mu san daga ina ba. Ina dariya na faɗa. Ita ba ta yi dariya ba. Da ranar komawa ta zo, an riga an tura shi daji da shanu wajen kawunsa. Na shiga mota ni kaɗai, aka ba wani gurbinsa.

Na yi aiki a Dakar da Aljas da Kano, na ji ana koyar da wannan darasi da Faransanci da Larabci da Turanci, ban ji wanda ya kai jakin nan sauƙi ba. Duk allon da na tsaya gabansa, abokin nan nawa nake gani.

Bayan shekaru masu yawa na same shi a kasuwar Tibiri, ya yi furfura, yana ɗaure wa jaki kaya. Muka gaisa, na kasa haɗa ido da shi. Ya ja igiya ya ce, "Abokina, Inna ta gaya mini tun a lokacin. Kai dai ka riƙe abin da na koya maka?" Na ce na riƙe. Ya gyaɗa kai ya kora jakinsa. Ban nemi gafararsa ba, kuma kafin in sake dawowa ya rasu.

Ku da ke karatu, ku kula da abin da kuke kai wa iyayen da ba su taɓa shiga aji ba, domin maganarku a wurinsu shaida ce. Ni na zama malamin lissafi da dabararsa, shi kuwa bai sake riƙe alli ba.