Na Ce wa Likita Ba Na Shan Komai

A wancan lokacin ni saurayi ne mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 can Kudu, ina kwana a wani ƙaramin ɗaki a Agege. Idan an tashi kasuwa abokan sana'ata majalisa suke tafiya, ni kuwa sai in shige motar haya ta danfo da littafin soyayya a aljihu. Na karanta su har na yarda cewa mai so na gaskiya dole ya rame, abinci ya fita ransa, ya riƙa ganin masoyiyarsa a mafarki. Akwai wadda aka yi mana baiko can gida Arewa. Ranar da zan taho ta ba ni ƙullin sassaƙe da saiwoyi, irin jiƙon da gidansu ke sha saboda basir da gajiya, ta ce in riƙa shan kofi guda kowace safiya ina tunawa da ita. Na daɗe ina sha, in ya ƙare ta aiko da wani, bai taɓa yi mini komai ba.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da ni, idanuna suka koma ruwan ɗorawa. A asibiti aka ce shawara ce ta taɓa mini hanta. Likitar ta tambaye ni da Turancin broka ko ina shan wani magani, na ce a'a. Wallahi ban yi niyyar ƙarya ba. A wurina magani shi ne ƙwaya da allura, jiƙo kuwa kamar shayi ne, balle wannan da hannun masoyiyata ya ƙulla.

Na koma ɗakina na ci gaba da sha. Sai wani barci mai nauyi ya fara kama ni da rana tsaka, in ta da salla in rasa raka'a nawa na yi. Cikin barcin nan kullum sai na gan ta zaune bakin katifata. Na ɗauka ciwon so ne irin na littafi ya iso gare ni, har wani alfahari nake ji. Don in ƙara ganinta sai na ƙara kofi. Babu mai leƙo ni, maƙwabta sun zaci na yi tafiya. Wani dattijo ɗan Nijar mai gadin layinmu ne ya tarar da ni a bakin ƙofa ina hira ni kaɗai, ya kai ni asibiti, ya haɗa da kwalbar jiƙon da ya gani a hannuna.

Da na dawo hayyacina likitar ta nuna mini kwalbar. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce hanta ce ke sarrafa abin da mutum ya sha har jiki ya fitar da shi. Da ina lafiya, kofin safe kan gama aikinsa ya wuce. Yanzu kuwa na jiya yana nan cikin jini na yau zai same shi, su taru su ƙara wa hantar rauni har abin ya taɓa kai. Ta ce jiƙon yana nan yadda yake, jikina ne ya canza.

Labarin ciwona ya isa gida, mahaifin masoyiyata ya mayar da kayan baiko. A wayarmu ta ƙarshe tana kuka ta tambaye ni ko na daina shan jiƙon ne, don ita a ganinta da ina sha da ban kwanta ba. Na ce mata ban taɓa fashi ba. Iyakar abin da na iya faɗa mata ke nan.

'Yan'uwa masu karatu, abin da jikinku ya saba da shi kuna lafiya ba lallai ya iya da shi kuna ciwo ba. Idan likita ya tambaya, ku faɗi komai, har jiƙo da tsimi da garin kunu, ko wa ya ba ku. Ni na warke, na koma kan albasata. Ragowar ƙullin yana nan cikin jakata, na kasa zubarwa, amma ban sake jiƙa shi ba, ita ma ban sake ganinta a mafarki ba.